A Lallaɓa Sabon Babur ko a Matsa Masa? Zaɓin da Ke Gabanka Kafin Juyen Farko da Bayansa

Ranar da ka karɓi makullin sabon babur, shawara iri biyu za ta tare ka tun kafin ka cire ledar kujera, kuma masu ba da ita ba sa ga-maciji da juna. Ɗaya zai ce maka sannu ba ta hana zuwa: kada ka wuce rabin totur, kada ka goya kowa, ka guji tudu, ka riƙa tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai a aljihu har mita ta nuna kilomita 1,000. Ɗayan kuma zai yi tsaki ya ce da zafi-zafi ake dukan ƙarfe, injin da aka shagwaɓa yana sabo rago zai tashi, don haka ka murɗa masa tun yau. Kowannensu yana da babur ɗin da ya shekara goma yana hawa, kuma shi zai nuna maka a matsayin hujja.

Na daɗe ina sauraron wannan gardama, kuma abin da na lura shi ne dukansu a kan gudu suke jayayya, alhali gudu ɗan rakiya ne a maganar. Abin da ke horar da inji shi ne nauyin aikin da ka ɗora masa, abin da ke ɓata shi kuma zafin da ka bari ya taru a cikinsa. Sai mun leƙa cikin injin kafin a gane dalili.

Fistan yana hawa da sauka a cikin silinda sanye da ringi, galibi guda uku. Biyu na sama suna tsare matsin wutar da ke tashi kada ya zurara ƙasa, na ukun kuma yana share baƙin mai daga bango. Bangon silindar sabon inji ba sumul yake ba. Da gangan ake goge shi da dutsen wasawa a masana'anta, a bar masa siraran zane masu gitta juna waɗanda da ƙyar ido ke gani. Kwarin zanen shi ke riƙe mai, tsininsa kuma shi ne zarton da zai ci fuskar ringi har ta zauna daram a jikin bango. Wannan cin juna shi ne ainihin horon, kuma ba ya daɗewa, domin zarton yana dakushewa. In ya dakushe ringi bai gama zama ba, to dama ta wuce.

A nan ne masu cewa a matsa suke da ƙwaƙƙwarar hujja. Ringi yana da ɗan tsalle irin na sifirin, amma wannan tsalle bai isa ya manna shi da bango yadda ake buƙata ba. Matsin wuta ne ke zagayawa ta bayansa ya tura shi waje, kuma matsin yana ƙaruwa ne gwargwadon yadda ka buɗe totur inji yana jan nauyi. Injin da aka bari yana silo na tsawon lokaci, ko ake ta tafiyar hawainiya da shi, ringinsa shafar bango kawai yake yi. Mai sai ya toye a cikin zanen ya zama kamar fenti mai ƙyalli, bango ya yi santsi tun ringi bai zauna ba. Sakamakon ba ya bayyana a makon farko. Bayan watanni ne za ka ga babur yana shan baƙin mai, salansa tana fitar da shuɗin hayaƙi kaɗan-kaɗan, ƙarfinsa kuma bai kai na tsaransa ba. Maganin wannan sai an buɗe inji an sake goge silinda, an sa sabon ringi.

Masu wannan ra'ayi sukan kafa hujja da ƙananan jiragen sama masu injin fistan, kuma ba ƙarya suka yi ba. Kamfanin Lycoming, wanda ke ƙera irin waɗannan injuna a Amurka, yana umartar a tashi da sabon inji a kan kashi 65 zuwa 75 cikin ɗari na ƙarfinsa, har ya cika awa 50 ko shan mansa ya daidaita. Wato a can lallaɓawa ita ce laifin. Sai dai akwai abin da ake mantawa: injin jirgi juyinsa bai kai 3,000 a minti ba, iska mai sanyi tana dukansa ba tsayawa, kuma matuƙin yana da agogon da ke nuna masa zafin kan silinda. Abin da misalin ya tabbatar shi ne ringi yana son nauyi. Bai ce a kai allurar agogon juyin inji kan jan layi ba.

Su ma masu cewa a lallaɓa ba a banza suke magana ba. Sabon inji ya fi tsoho ɗaukar zafi, saboda ƙarafan da ba su saba da juna ba sun fi gugar juna. In ka riƙe totur a ƙarshe na mintuna masu yawa, fistan zai kumbura fiye da yadda silinda ta buɗe, siririn man da ke tsakaninsu ya tsinke, ƙarfe ya ci ƙarfe. Ƙaramin abin da zai faru shi ne ƙarzuwa a jikin fistan, babban kuma inji ya buga. Sannan ba ringi kaɗai ke sabo ba. Haƙoran giya, faya-fayan kuloci, da duk wani wuri da ƙarfe ke juyawa a kan ƙarfe suna neman zama. Sabuwar taya tana da santsi, shi ya sa masu ƙera taya da dama suke cewa a bi a hankali na kusan kilomita 160 kafin a fara kwanciya sosai a kwana. Takalmin birki ma sai ya ɗan ci kafin ya kama da ƙarfinsa. Akwai kuma sabon abu na ƙarshe wanda ba a cika lissafa shi ba, wato kai kanka. Ba ka san inda kulocin wannan babur yake kamawa ba, ba ka san yadda birkinsa ke cizo ba. Wanda ya ce ka zuba gudu a ranar farko, ringi yake tunani, ya manta da ƙashinka.

To me masu ƙera baburan suka ce? Bambancinsu ya fi yadda ake zato. Honda a littattafansa da yawa layi kaɗan ya rubuta: a kilomita 500 na farko a guji tashi da cikakken totur da fizgar gaggawa. Kawasaki a manyan baburansa da dama ya yanke lamba, kada a wuce juyi 4,000 a minti har kilomita 800, sannan 6,000 har kilomita 1,600. Suzuki a wasu samfura da totur yake aunawa, ƙasa da rabi a kilomita 800 na farko, ƙasa da kashi uku cikin huɗu har 1,600. Yamaha yakan ce a guji daɗewa a sama da wani adadin juyi, kuma kalmar daɗewa ita ce abin lura, domin bai hana a taɓa wurin a sauko ba. BMW ma har ƙaidi ya sa wa babur ɗinsa S1000RR a cikin kwamfutarsa, ba ya wuce juyi 9,000 sai an yi masa sabis na farko an cire.

Ka duba da kyau, babu ɗaya a cikinsu da ya ce ka yi rarrafe. Rufi suka sa maka, ba su ce ka kwanta a ƙasa ba. Kuma kusan dukansu suna ƙarawa da cewa kada a daɗe a kan gudu guda. Kura-kuran da na fi gani a hannun masu lallaɓawa suke, kuma da kyakkyawar niyya suke yin su. Wani zai tayar da babur ya bar shi yana silo rabin awa wai yana horo, alhali injin da iska ke sanyaya shi dahuwa kawai yake yi in yana tsaye. Wani zai hau miƙaƙƙiyar hanya ya kafe totur wuri ɗaya na awa biyu don mita ta yi saurin cika. Mafi muni shi ne mai saurin sa babbar giya don kada inji ya yi ƙara: gudu ya yi ƙasa, giya tana sama, ya buɗe totur, inji yana kakari yana fizga. Wannan dannewa ta fi ɗaga juyi illa, domin matsi yana dukan fistan da sandarsa a lokacin da famfon mai ke juyawa a hankali. In ka ji inji yana nishi, rage giya.

Irin babur ɗinka shi zai faɗa maka ɓangaren da ya kamata ka fi karkata. Manyan baburan zamani masu lagireto ana goge silindarsu sau biyu a masana'anta, a share tsinin zanen a bar kwarin, don haka rabin horon an riga an yi shi. Da yawansu ma ba hannun riga na baƙin ƙarfe ke cikin silindar ba, wani shafi ne mai tauri irin Nikasil, haɗin nikel da silikon kabayid da kamfanin Mahle na Jamus ya fito da shi a 1967. Irin wannan inji ruwa yana tsare masa zafi, yana da filta ta gaske, yana ɗaukar lita uku ko huɗu na mai. Da wuya ka kashe shi da matsawa, kuma da wuya ka ga wani bambancin kirki ko ta wace hanya ka bi. Ƙaramin babur mai cc 100 zuwa 150 wanda iska ke sanyayawa labarinsa daban ne. Mansa kusan lita ɗaya ne kacal, da yawansu ba su da filtar takarda sai 'yar raga da wani kofi mai juyawa da ke tara datti, kuma ko a tafiyar yau da kullum yana aiki ne kusa da iyakar ƙarfinsa. Abin da babban babur zai ɗauka a matsayin motsa jiki, wannan gumurzu ne a wurinsa. Ga mai irin wannan babur, shawarar a murɗa har ƙarshe tun ranar farko caca ce, kuma ribar da ake fata ba ta kai hasarar da ake iya yi ba.

Ni dai ga inda na tsaya. Rufin da littafi ya sa, ka kiyaye shi. A ƙarƙashin rufin kuma ka sa injin aiki. Ka tayar da shi, ka ba shi minti ɗaya ko biyu mai ya zaga, ka tashi a hankali har ya ɗauki ɗumi. Daga nan ka nemi hanya mai kwana da hawa da gangara, wadda za ta tilasta maka canza giya. A giya ta biyu ko ta uku ka buɗe totur sosai na 'yan daƙiƙu inji ya ja, kafin ya kai rufi ka saki gaba ɗaya ka bar injin da kansa ya rage gudun. Jan yana manna ringi, sakin kuma yana ba shi damar hucewa. Ka maimaita, ka canza giya, ka sake. Tafiyar minti 20 zuwa 30 sau da yawa, ana barin inji ya huce a tsakani, ta fi doguwar tafiya guda. Cunkoson da za ka tsaya cik inji yana aiki, ka kauce masa in da hali, in kuma ya rutsa da kai ka kashe. Kaya masu nauyi da goyo a kan doguwar hawa su jira tukuna. Ranar da mita ta cika kuma ba ranar sakin linzami ba ce gaba ɗaya, da kaɗan-kaɗan ake ɗaga rufin.

Duk wannan gardama ba ta kai juyen baƙin mai na farko muhimmanci ba. Abin da zarto ya ci, a cikin mai yake yawo. In ka tari man farko a kwano mai tsabta ka fita da shi rana, za ka ga yana walƙiya kamar an barbaɗa masa garin azurfa. Wannan ba abin tsoro ba ne. Abin tsoro shi ne gutsattsarin da yatsa zai iya ji. Yamaha da wasu da dama kilomita 1,000 suka sa don juyen farko, BMW tsakanin 500 da 1,200, Harley-Davidson mil 1,000, wato kusan kilomita 1,600, kamfanonin Indiya da dama kuma tun daga 500. Zaɓin da ke gabanka a nan shi ne ko ka jira lokacin littafi ko ka yi ƙarin juye kafinsa. A babban inji mai filta, jira ya wadatar, aikin filtar ke nan. A ƙaramin inji mai raga kawai, ni ina goyon bayan ƙarin juye a tsakiyar zangon, domin lita ɗaya ce, kuma garin ƙarfen babu abin da ke tare shi sosai. Amma ƙari ne, ba madadi ba. Sabis na farko ya wuce juye: a nan ake sake ɗaure notukan da suka saki, a ja sarƙar da ta miƙe, a daidaita wayar kuloci da ta totur, a duba wayoyin wili, a wasu baburan kuma a auna bawul. Kuma shi ne sabis ɗin da in ka tsallake, garanti kan iya tashi.

Wane mai za a zuba? Nan ma akwai sansani biyu. Man da ake kira minaral tataccen ɗanyen mai ne da aka ƙara wa sinadarai. Sintetik kuwa an ƙera shi ko an tsananta tace shi har ƙwayoyinsa suka zama kusan bai ɗaya, don haka ya fi jure zafi, ya fi saurin zagawa da sanyin safiya, ya fi daɗewa kafin ya gaji. Tsohon zance shi ne sintetik ya cika santsi, ba ya barin ringi ya zauna. Wannan magana ta yi rauni yanzu, tunda akwai injuna da yawa da ke fitowa daga masana'anta da sintetik a cikinsu. Duk da haka ban ga hikimar zuba mai mai tsada da za a zubar bayan 'yan ɗaruruwan kilomita ba. A lokacin horo ka bar abin da kamfani ya zuba, ko ka sa irinsa. Bayan horo sai ka duba yadda kake hawa. Mai babban inji mai yawan juyi, ko mai doguwar tafiya cikin zafi, sintetik ya cancanci kuɗinsa. Mai ƙaramin babur da ke juye akai-akai, minaral mai kyau da ake canzawa a kan kari ya fi sintetik ɗin da aka bari ya wuce wa'adi don ana jin zafin abin da aka kashe.

Abin da ya fi sunan kamfani muhimmanci a jikin galan shi ne wasu haruffa. A yawancin babura mai guda ne ke wanke inji da giya da kuloci. Man mota na zamani kuwa sau da yawa ana sa masa sinadarin rage guga don tsimin fetur, kuma wannan sinadari yana iya sa kulocin babur ya riƙa zamewa: ka murɗa, ƙara ta tashi, gudu bai ƙaru ba. Saboda haka ne hukumar ma'aunin motoci ta Japan ta fito da ma'aunin JASO na man babur a 1998. MA na masu kuloci a cikin mai ne, an kuma raba shi zuwa MA1 da MA2 a 2006. MB na irin baburan nan ne marasa giyar ƙafa waɗanda kulocinsu a bushe yake. Ka nemi MA ko MA2 in babur ɗinka mai giya ne. Kauri kuma, ko 10W-30 ne ko 10W-40 ko 20W-50, abin da littafi ya rubuta don yanayin zafin da kake hawa a ciki shi za ka bi. Akwai masu ganin mai in ya fi kauri ya fi kariya. A injin da aka ƙera da matsattsun hanyoyin mai, kaurin da ya wuce kima jinkiri yake jawowa kafin mai ya isa saman inji, kuma daƙiƙun farko bayan tayarwa su ne lokacin da ƙarfe ya fi ci.

Saura zaɓin da zai bi ka muddin kana da babur ɗin: ka riƙa yi da hannunka ko ka kai wa bakanike? Masu cewa komai a kai gareji sun manta cewa abubuwan da suka fi kashe babur, da ma mai shi, ba sa jiran ranar sabis. Iskar taya tana raguwa da kanta ko babu huji. A auna ta da ma'auni sau ɗaya a mako, taya tana sanyi, a bi lambar da ke littafi ko a jikin babur, ba wadda ke gefen taya ba, don waccan iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce. Matsa taya da babban yatsa ba awo ba ne. Tun da muna gefen taya, akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun DOT da ke nuna ranar haihuwarta: 2322 na nufin mako na 23 na shekarar 2022. Sabon babur kan iya zuwa da tayar da ta daɗe a ajiye. Duba yawan mai ma naka ne, babur a tsaye sak a wuri mai daidai, ba a jingine a ƙafar gefe ba. A makonnin horo ka duba kusan kullum, domin sabon inji yakan ɗan sha kafin ringi ya zauna.

Sarƙa ita ce ta fi kowa ramuwa in aka yi sakaci da ita. Yawancin baburan titi suna son saki na kusan milimita 20 zuwa 35 a tsakiyar sarƙa, amma lambar babur ɗinka tana littafi. Mutane sun fi tsoron sakakkiyar sarƙa saboda tana ƙara, alhali wadda aka ja ta yi tsam ta fi ɓarna. Duk lokacin da bayan babur ya nutse a rami, sarƙa tana ƙara tsauri, in babu saki sai ta ja sandar da ke fitowa daga giya, ta ci abin da sandar ke juyawa a kai, mai ya fara yoyo. A juya taya a nemo inda sarƙar ta fi tsauri, a nan ake aunawa. Shafa mai duk bayan kilomita 500 zuwa 1,000, da kuma bayan ruwan sama, ta ciki ba ta waje ba, kuma bayan dawowa daga tafiya tana da ɗumi. In mai 'yan zobban roba ce a tsakanin gaɓoɓinta, kananzir da buroshi mai laushi sun isa wanki, fetur yana busar da robar. Kada ka kuskura ka goge sarƙa inji yana aiki giya a ciki. Yatsu da yawa sun tafi ta wannan hanya. In ta ƙare kuma, tare ake canza ta da faya-fayan haƙoranta na gaba da na baya, tsohon haƙori cinye sabuwar sarƙa yake yi.

Juye yana tsakiya, kowa zai iya koya, amma yana da tarko. Notin ƙasan inji na ƙarfe ne, gidan da yake shiga kuma alminiyom. Na taɓa ɗaure nawa da dukan ƙarfina don tsoron yoyo, sai na ji ya yi laushi a hannuna yana juyawa ba iyaka. Garin neman gira na rasa ido, aikin minti goma ya koma na kwana biyu. Tun daga ranar nake sa sabuwar wosha a kowane juye, kuma na sayi sufana mai auna ƙarfin ɗauri. In ba za ka mallaki wannan sufana ba, kuma hannunka bai san inda ake tsayawa ba, kai wa wanda ya sani, amma ka tsaya a kansa ka ga irin man da aka zuba da yawansa. Cikawa fiye da kima ma illa ce, mai yana yin kumfa, yana kuma tura kansa cikin gidan filtar iska.

Akwai ayyukan da nake ganin na bakanike ne sai in kana da kayan aiki da haƙurin koyo. Awon bawul shi ne kan gaba. A ƙananan injuna tazarar takan kasance tsakanin milimita 0.05 da 0.10, kusan kaurin gashin kai, ana auna ta da siraran ƙarafan awo inji yana sanyi ƙalau. Bawul mai ƙara yana damun kunne, amma wanda ya matse shiru yake yi har ya ƙone, alamarsa wuyar tashi da mutuwa a silo. Saboda haka in bakanike ya yi maka alfahari cewa ya kashe ƙarar gaba ɗaya ba tare da ya ɗauko ma'auni ba, ka sake tunani a kansa. Ƙananan babura suna son wannan awo duk bayan 'yan dubban kilomita, manya kuwa sukan kai 24,000, wasu har kusan 40,000. Man birki ma na gwani ne. Irin DOT 3 da DOT 4 suna tsotsar danshi daga iska, danshin yana sa su saurin tafasa, kuma man da ya tafasa a doguwar gangara birki ne da za ka matsa ka ji wayam. Shi ya sa ake canza shi duk shekara 2 ko da babur bai yi tafiya ba. DOT 5 na silikon ne, ba a haɗa shi da su, kada lambar ta ruɗe ka.

Wannan ya kawo mu ga yadda ake karanta jadawalin sabis. Kowane layi yana da kilomita da watanni, kuma wanda ya riga zuwa shi ake bi. Babur ɗin da ke gajerun tafiye-tafiye, inji bai gama zafi ba an kashe shi, mansa yana tara ruwa da fetur ko da mita ba ta motsa sosai ba. Jadawalin kuma an rubuta shi ne don hanya mai tsabta da matsakaicin aiki. Mai bin ƙura, mai ɗaukar kaya, mai wuni a cunkoso, ya rage tazarar, musamman ta filtar iska. Ita ma iri-iri ce, kuma kuskuren gane ta yana da tsada. Ta soso ana wanke ta, a bar ta ta bushe, a shafa mata mai a matse. Busasshiyar takarda ana iya kaɗe ta a hankali. Amma akwai takarda mai maiƙo da Honda ke sa wa babura da yawa, wadda ba a wankewa ba a kuma hura mata iska, canza ta kawai ake yi. Filtar da ta huje ko ba ta zauna daidai a gidanta ba tana shigar da yashi kai tsaye cikin silinda, kuma cikin 'yan watanni za ta cinye ringin da ka ɓata makonni kana zaunar da shi.

Game da garanti, dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana kamfani soke garanti don kawai ka yi sabis a wani wuri, a wasu ƙasashen kuwa abin da ke cikin takardar da ka sa wa hannu shi ne hukunci. Ka karanta taka kafin ka ɗauki sufana. Yadda na raba wa kaina aikin shi ne: sabis na farko da duk abin da ya shafi buɗe inji ko birki, na garejin da kamfani ya amince da shi ne muddin garanti yana aiki. Taya, sarƙa, duba mai, fitilu da sakin hannun kuloci nawa ne kowane mako. Kowane aiki kuma, nawa ko nasu, ina rubuta shi a ƙaramin littafi da ke ƙarƙashin kujera: kwanan wata, lambar da mita ta nuna, irin man da aka zuba, da tazarar bawul ɗin da aka samu kafin a gyara. Wannan lamba ta ƙarshe ka roƙi bakanike ya faɗa maka ita, don in ka jera ta sau uku za ka ga ko bawul ɗinka matsewa yake yi ko buɗewa tun kafin inji ya fara gardamar tashi da safe.